Yadda ake mayar da ƙara gaban alƙali bayan sakacin lauya ya sa an kore ta

A bakin mutanenmu na Damagaram, duk shari'ar da ta tsaya ba tare da mai ƙara ya samu abin da ya nema ba, magana ɗaya ake faɗi a kanta, wato an kori ƙara. A takardun kotu kuwa, wannan magana ɗaya tana ɗauke da abubuwa daban-daban waɗanda ba su da magani iri ɗaya: akwai korar da wasiƙa guda ta isa ta gyara ta, akwai wadda sai an sake shigar da ƙara tun daga farko, akwai wadda sai an ɗaukaka, akwai kuma wadda ƙofarta ta rufe sai dai mutum ya juya kan lauyan da ya yi masa sakaci. Wanda bai san wace iri ce ta same shi ba yana iya ɓata watanni yana bin lauya da waya ko yana zaune cikin takaici, alhali wa'adin da doka ta ba shi yana ta raguwa.

Na ga haka da idona a kan kawuna, ɗan kasuwa ne mai sayar da wake a kasuwar Dole. Ya ba wani abokin cinikinsa kaya bashi, da takarda da sa hannu, biya ya gagara, sai ya ɗauki lauya daga Yamai, ko aboka kamar yadda aka fi faɗi a nan, ya biya shi abin da suka shirya, ya miƙa masa takardunsa na asali, ya koma rumfarsa. Duk lokacin da ya kira sai a ce masa an ɗage zama. Labarin korar ma a bakin yaron shagon wanda yake bi bashi ya ji shi. Da na je gaishe shi na tambaye shi inda aka kwana, sai ya ce: “Ɗana, an kori ƙarar, na bar wa Allah.” Na ce: “Kawu, ka ga takardar da aka kore ta da ita?” Ya ce bai gani ba, kuma bai san akwai wata takarda da zai iya nema da kansa ba.

Don haka matakin farko shi ne zuwa ofishin magatakardan kotu, wanda muke kira girefiye, a kotun da aka shigar da ƙarar, ko babbar kotun Damagaram ce ko ɗaya daga cikin kotunan Mirriya, Magariya, Matamaye, Gure ko Tanut. Mai ƙara ya je da katin shaidarsa, da lambar dosiye, wato fayil ɗin takardun ƙarar, idan yana da ita, idan kuma babu sai ya ba da sunansa da na abokin shari'arsa da lokacin da aka shigar da ƙarar. Abin da zai nema abu biyu ne: kwafin hukuncin ko umarnin da ya tsayar da shari'ar, da kuma bayanin abin da aka rubuta a littafin zaman kotu, inda ake nuna ranakun da aka kira ƙarar, da wanda ya zo da wanda bai zo ba, da dalilin kowace ɗagewa. Shari'ar ta mai ita ce, ba ta lauya ba, saboda haka yana da damar neman waɗannan takardu ba tare da iznin kowa ba. Duk kuɗin da ya biya a wurin ya karɓi rasidi, ya adana.

Ko da yake kundin tafiyar da mulkin Nijar da aka kafa a 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, hukuncin kotu da Faransanci yake fitowa, don haka wanda ba ya karanta shi ya tafi da wanda ya amince da shi. Kada a tsaya kan dogon bayanin shafukan farko. A nemi wurin da aka rubuta “Par ces motifs” kusa da ƙarshe, domin abin da ya biyo bayansa shi ne ainihin abin da alƙali ya yanke, kuma a cikin waɗannan ƴan layuka ne za a ga kalmar da ke nuna irin korar. A lura da kwanan watan hukuncin, a kuma binciki ko wisiye, wato ma'aikacin da ke isar da takardun shari'a, ya taɓa kai sanarwar hukuncin gidan mai ƙara ko ofishin lauyansa, da ranar da ya kai. A wasu shari'o'in wa'adi yana fara tafiya daga ranar da aka yanke hukunci, a wasu kuma daga ranar da aka isar da shi, kuma tsawonsa a shari'ar kasuwanci ba ɗaya ba ne da na shari'ar gado ko ta gona. Shawarata ita ce mutum ya ƙirga daga rana mafi tsufa a cikin biyun, kuma a wannan zuwan na farko ya roƙi girefiye ya nuna masa ayar dokar da ta yanke wa'adin irin tasa shari'ar. Dokar da ke tsara tafiyar da ƙararrakin jama'a a Nijar ita ce mai lamba 2015-23 ta ranar 23 ga Afrilu 2015.

Kafin a shiga nau'o'in korar, akwai magana mai ɗaci da ya kamata mai ƙara ya haɗiye tun da wuri. A idon kotu lauya wakili ne, abin da ya yi kamar wanda ya wakilta shi ne ya yi, abin da ya bari kuma kamar shi ne ya bari. Don haka cewa “laifin lauyana ne” ba ya buɗe ƙofar da wa'adi ya riga ya rufe, domin shi ma abokin shari'a yana da haƙƙin ya san ranar da rigima ta ƙare a kansa. Ana ambaton sakacin lauya a takardar neman mayar da ƙara domin alƙali ya gane cewa mai ƙara bai yi watsi da haƙƙinsa ba, amma abin da yake ɗaukar nauyin buƙatar shi ne gyaran abin da aka bari da kuma zuwa a kan lokaci. Wannan yana daga cikin abin da ya sa ake cewa shari'a saɓanin hankali, kuma gara mutum ya ji shi a gida da ya ji shi a gaban alƙali.

Mafi sauƙin kora ita ce wadda ake rubutawa “radiation”, wato cire ƙara daga jerin waɗanda ake kira. Alƙali yana yin haka idan aka yi ta kiran shari'a mai ƙara ko lauyansa ba su zo ba, ko ba a ajiye rubutattun hujjojin da aka ba da lokaci a kawo ba. A wannan hali ba a ce kowa ya yi gaskiya ko ya yi ƙarya ba, an dai ajiye dosiyen gefe, kuma ƙarar tana da rai. Hanyar mayar da ita ita ce a rubuta wa shugaban kotun takarda ta hannun girefiye, a ambaci sunayen masu shari'a da lambar dosiye da ranar da aka cire ƙarar, a faɗi a taƙaice abin da ya jawo rashin zuwan ba tare da zagi ko dogon ƙorafi ba, sannan a roƙi a sa wa ƙarar sabuwar rana. Abu mafi muhimmanci shi ne a haɗa takardar da shaidar cewa an yi abin da aka bari: idan hujjoji ne ba a ajiye ba a kawo su tare, idan kuɗin ajiyar da ake biya wajen shigar da ƙara ne ba a cika ba a cika a liƙa rasidin. A kai kwafi biyu, a sa girefiye ya buga hatimi da kwanan wata a kan wanda za a koma da shi gida. Idan aka ba da rana, dole a sanar da abokin shari'a, galibi ta hannun wisiye, domin zaman da bai sani ba zai iya zama masa hujjar rushe duk abin da aka yi. Wannan kalmar ta “radiation” muka tarar a takardar kawuna, bayan watannin da ya yi yana ganin dukiyarsa ta tafi ke nan.

Haɗarin wannan sauƙin shi ne yana sa sanyin jiki. Ƙarar da aka cire ba ta zama har abada tana jiran mai ita. Idan wa'adin da doka ta yanke ya cika ba tare da ɗaya daga cikin masu shari'ar ya yi wani motsi da ke ciyar da ita gaba ba, abokin shari'a yana iya tayar da abin da ake kira “péremption”, wato mutuwar ƙara saboda an bar ta kwance. Kiran lauya a waya ba motsi ba ne a wurin kotu, haka nan zuwa a tambayi girefiye da baki. Abin da ake lissafawa shi ne takardar da ta shiga dosiye da kwanan wata a kanta. Idan ƙara ta mutu ta wannan hanya, haƙƙin kansa bai mutu ba, amma duk abin da aka yi a cikin shari'ar ya rushe, sai an sake aika sammaci, a sake biyan kuɗin shigarwa, a fara daga tushe. Idan kuwa a kotun ɗaukaka ƙara abin ya faru, ya fi muni, domin hukuncin kotun farko ne yake tabbata a kan wanda ya ɗaukaka ya bari.

A nan ne ya kamata a tsaya a yi lissafi da kyau, domin a nan ne mutane suka fi yin hasara. A tarbiyyarmu da addininmu bashi ba ya tsufa, yana nan a wuyan wanda ya ci shi har ya biya ko a yafe masa. A kotu ba haka ba ne, kowane haƙƙi yana da shekarun da idan suka wuce ba a ƙara sauraren mai nemansa. A ƙa'idar gama-gari ta kundin dokar jama'a da muka gada, aya ta 2262, shekara 30 ne, amma harkar kasuwanci tana ƙarƙashin dokokin OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta ƙasashen Afirka da Nijar take cikinta, kuma dokar kasuwanci da aka sabunta a Lome a 2010 ta yanke shekara 5 a aya ta 16, sannan ta rage zuwa shekara 2 a aya ta 301 idan cinikin kaya ne tsakanin ƴan kasuwa. Shigar da ƙara yana katse wannan lissafi, amma idan aka bar ƙarar ta mutu, sai a ɗauka kamar ba a taɓa katse shi ba. Ma'anar haka ga mai sayar da wake ko albasa ko fata ita ce, idan ya ba da kaya, ya yi shekara yana lallashi, ya shigar da ƙara, lauya ya bar ta kwance har ta mutu, to yana iya dawowa ya tarar shekara biyun sun cika, sabuwar ƙarar ma ba za a karɓa ba. Abu ɗaya da ke taimakawa a irin wannan matsi shi ne amincewar wanda ake bi: idan ya sa hannu a takardar da ya yarda cewa bashin yana kansa, lissafin shekarun yana komawa farko. Saboda haka duk zaman sulhun da za a yi a gaban mai unguwa, ko shugabannin kasuwa, ko a fada, kada a tashi sai an rubuta abin da aka amince a kai, da kwanan wata da sa hannun shaidu.

Akwai kuma korar da ke zuwa daga kuskuren tsari. Lauya yana iya kai ƙara kotun da ba ta da hurumi, ko sammacin ya fita da wani naƙasu da ya sa aka soke shi, ko alƙali ya ce ƙarar “irrecevable” ce, wato ba abar karɓa ba ce. Maganin ya danganta da dalilin da aka rubuta. Idan an ce mai ƙara bai nuna matsayin da ya ba shi damar yin ƙara ba, misali ɗaya daga cikin magada ya zo da sunan sauran ba tare da takardar wakilcin dangi ba, ana samo takardar a sake shigarwa. A rigimar gona da ake yi bisa al'ada, idan abin da ya rage shi ne takardar da ke nuna an nemi sulhu a gaban sarakunan gargajiya bai yiwu ba, sai a koma a samo ta. Idan kuwa dalilin shi ne wucewar wa'adi, sake shigarwa ba ta da amfani, sai dai a ɗaukaka idan ana ganin an yi kuskure a lissafin.

Mafi nauyi ita ce kalmar “débouté”, domin tana nufin alƙali ya duba ainihin maganar ya ce mai ƙara bai tabbatar da da'awarsa ba. Sau da yawa sakacin lauya a nan yake ɓoye: takardar bashin tana cikin jakarsa, bai ajiye ta a dosiye ba, alƙali kuwa da abin da ke gabansa yake hukunci. Irin wannan ba a sake shigar da ita, domin magana ɗaya tsakanin mutane ɗaya ba a yanke mata hukunci sau biyu. Hanyar ita ce ɗaukaka ƙara cikin wa'adi, kuma alherin mutanen wannan jiha shi ne kotun ɗaukaka ƙara tana nan cikin Damagaram, ba sai an yi tafiyar kusan kilomita 900 zuwa Yamai ba. A wannan mataki ana sake duba shari'ar gaba ɗaya, ana karɓar hujjojin da ba a kawo a farko ba, ko da yake ba a yarda a ƙaro sabuwar da'awa ba. Wanda wa'adi ya matse shi ya fara shigar da ɗaukakar, daga baya ya nemi sabon lauya a natse, kada ya juya tsarin. Wasu suna jin kalmar “opposition” su ɗauka tasu ce, alhali an tanade ta ne domin wanda aka yi ƙararsa aka yanke masa hukunci a bayan idonsa, ba domin mai ƙarar da lauyansa ya ƙi zuwa ba. Sama da kotun ɗaukaka ƙara akwai kotun ƙoli a Yamai, ko kotun OHADA da ke Abijan idan dokokin ƙungiyar ake jayayya a kansu, a ita ta Abijan ɗin wa'adin kai ƙara wata 2 ne daga isar da hukunci kuma dole sai da lauya. Amma waɗannan kotuna kuskuren aiki da doka suke dubawa, ba sa karɓar hujjar da aka manta.

Duk wannan ba ya tafiya sai takardu sun dawo hannun mai su. A rubuta wa tsohon lauya wasiƙa mai ladabi, a sanar da shi an janye wakilci, a nemi ya maido dosiye da dukan takardun asali, a jera su ɗaya bayan ɗaya, a kuma aika ta hanyar da za ta bar shaidar cewa ta isa. A sanar da girefiye wannan canji a rubuce, domin kada a ci gaba da aika sanarwa ofishin da aka bari. Idan ya riƙe takardun yana cewa akwai ragowar kuɗinsa, rigimar ladan lauya gaban shugaban ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ake kai ta, wanda ake kira batoniye, kuma a halin da ake jira sai a yi aiki da kwafin da ke cikin dosiyen kotu. A kotun farko mutum yana iya tsayawa da kansa a yawancin ƙararrakin jama'a, don haka rashin sabon lauya ba dalili ba ne na barin rana ta wuce. Wanda ba shi da hali ya nemi ofishin hukumar ANAJJ, wadda aka kafa da dokar ranar 14 ga Disamba 2011 domin ba jama'a shawarar shari'a kyauta da taimaka wa marasa ƙarfi su samu mai kare su, tana da ofisoshi a manyan kotuna. Wajen zaɓen sabon lauya, tambayar da na ga ta fi amfani ita ce wa zai tsaya a zauren kotu ranar zama, shi da kansa ko wani abokin aikinsa da ke nan garin, domin yawancin lauyoyin ƙasar a Yamai suke zaune, kuma nisan nan shi ne mafarin ɗagewa da yawa.

Maganar bin haƙƙi a kan lauyan da ya yi sakaci hanya ce ta biyu, kuma a ganina bai kamata ta sha gaban ta farko ba, ko da zuciya ta fi karkata gare ta. Ana iya kai kuka a rubuce ga batoniye, ko ga babban mai gabatar da ƙara na kotun ɗaukaka ƙara, a haɗa da rasidin kuɗin da aka biya, da bayanin littafin zaman kotu da ke nuna ranakun da bai zo ba, da saƙonnin waya da aka yi musaya. Wannan yana iya jawo masa gargaɗi ko dakatarwa ko cirewa daga aikin, amma ba ya maido wa mai ƙara ko dala. Diyya sai an shigar da ƙara ta daban, bisa ƙa'idar da aya ta 1992 ta kundin dokar jama'a ta shimfiɗa, cewa wakili yana ɗaukar alhakin kurakuran da ya yi a cikin wakilcinsa. Dole a nuna kuskuren, a nuna hasarar, a nuna kuma cewa kuskuren ne ya haifar da ita. Kada mutum ya sa ran za a ba shi dukan abin da ya nema a ƙarar farko, domin shari'a mace ce da ciki, ba wanda ya san abin da za ta haifa. Abin da alƙali yake aunawa shi ne girman damar cin shari'ar da aka ɓatar masa, kuma mai takardar bashi da sa hannu ya fi mai shaidar baki ƙarfi a wannan awo. Idan kuma ƙarar tana iya dawowa mai ita ya ƙi mayar da ita, lauyan zai ce hasarar ba daga gare shi ta zo ba.

Ranar da muka kai takardar kawuna, ma'aikacin ofishin ya buga hatimi a kan kwafinmu ya ce: “Baba, ka riƙe wannan da kyau, kada ya jiƙe.” Kawu ya naɗe shi a leda ya sa a aljihun gaban rigarsa. Tun da aka mayar da ƙarar cikin jeri, duk ranar zama yana barin yaro a rumfa ya tafi kotu da sassafe, ko lauya ya zo ko bai zo ba, idan an kira sunansa ya miƙe ya amsa, idan an ɗage ya sa a rubuta masa sabuwar ranar a bayan rasidinsa kafin ya fita daga harabar kotun.